Sunan da Kande Ba Ta Faɗa

Idan ka shiga garin Isa ka ce kana neman Abdulgani Illo, ka shirya yawo. Mai shayi zai ce bai san shi ba, mai facin taya zai tura ka wata unguwa, a can kuma a tambaye ka ko baƙo ne mutumin. Amma ka ce Malami mai allura, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofar gidan. Mutum ɗaya ne. Daga Isa har Sabon Birni kowa ya san mutum ɗaya ne. Waɗanda ba su sani ba su ne waɗanda saninsu ke da amfani, suna can bayan teku a wani ofis da Malami bai taɓa takawa ba, kuma ga dukkan alamu ba zai taka ba.

A wani ƙauye bayan Tozai aka haife shi, shekara talatin da takwas da suka wuce, ɗan fari ga Illo da matarsa Kande. Ranar suna Illo ya sa aka raɗa masa sunan mahaifinsa, Malam Abdulgani, limamin ƙauyen, wanda ya rasu damina biyu kafin nan. To wa ke da ƙarfin halin tsayawa a tsakar gidan nan ya kira sunan Malam gatsau? Kafin a gama cin naman suna yaro ya koma Malami. Sunan yanka kuwa aka naɗe shi aka ajiye kamar rigar Sallah.

Ga Kande abin ƙulli biyu ne. Ɗan fari ne, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan farinta. Sannan sunan surukinta ne, wanda ko a mafarki ba ta isa ta ambata ba. Ko Malamin ma ba ta faɗa. In yana kusa, “kai” ne. In ba ya nan, “wancan” ne. Kande ta kai abin inda sauran mata ba su kai ba, don har kalmar “gani” sai da ta kore ta daga bakinta, saboda ita ce wutsiyar sunan. In an kira ta ba ta cewa “ga ni”, sai dai “ina nan”. Watan Gani a wurinta watan Mauludi ne kawai. Mata a bakin rijiya sukan tsokane ta su ce, “Kande, wai mi ake yi da ido?” Ta ce, “Kallo.” A kwashe da dariya, ita kuwa ta ɗauki tulunta ta wuce.

A ɗakin kakarsa ya girma. Bai taɓa ɗaukar shirun uwarsa a matsayin ƙi ba, don kullum ya dawo daga gona ko makaranta akwai ƙwaryar fura mai kauri a lungun rumbu, an rufe ta da faifai, ba a ce ta wane ce ba, kuma babu wanda ke taɓa ta. Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa. Tun yana ƙarami yake son ya ji yadda sunansa zai fito daga bakin Kande. Sau ɗaya ma ya ishe shi.

Sunan takarda na farko a makarantar firamare ta Tozai ya same shi. Hedimasta Na'Allah na zaune da rajista, layin yara har bakin ƙofa. Ya ce, “Sunanka?” Ya ce, “Malami.” “Ɗan wa?” Malami ya sunkuyar da kai, don ba a koya masa kiran sunan uba a gaban mutane ba. Hedimasta ba shi da lokacin lallashi, ya rubuta Malami Tozai, ya ce na baya ya matso.

A sakandare aka sake masa wani. Ranar cike takardar jarrabawa malamin aji ya ce kowa ya sa sunan ƙaramar hukumarsa a gurbin sunan dangi, haka manya ke yi, kuma ya fi daɗin kira in mutum ya zama wani abu. Rabin ajin suka zama Isa, sauran suka zama Sabon Birni. Da Malami Isa ya ci jarrabawa, da shi ya shiga makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, da shi aka ba shi lasisi.

Na ukun shi ya jawo wa kansa, kuma da kyakkyawar niyya. Shekarar da Illo ya rasu aka zo yin katin ɗan ƙasa. Malami, da zafin rashin uba a zuciyarsa, ya ce ya gaji da yawo da sunan gari kamar marar asali. Ya sa aka rubuta Abdulgani Illo. Ranar da katin ya fito har gida ya kai wa ƙannensa suka duba. Fasfo kuma da aka zo yi daga baya, katin ya bi. Abin da ya yi don girmama mahaifi shi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, amma a lokacin wa ya sani.

Shekara goma sha huɗu ya yi a wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ɗaki uku da rumfa. Likita sai dai a ji labarinsa. Malami shi ne mai allura, shi ne mai ɗinki, shi ne ungozoma in haihuwa ta gardama. Da damina, in amai da gudawa ya shigo, akan shimfiɗa mutane har ƙarƙashin rumfa, a rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. An san shi da hannu. Jaririn da ya bushe har jijiya ta ɓace, wanda wasu za su soka sau biyar su haƙura, Malami kan shafa bayan hannunsa da babban yatsa, ya yi bisimilla, ya soka sau ɗaya. Fulanin da ke kiwo wajen Turba kan wuce wani asibitin su zo nasa, su ce wurin mai hannu suka zo.

Sai ƙasa ta lalace. Ba sai an ba mutumin Gobir labarin yadda ta lalace ba. Malami ya koyi ciro harsashi ba tare da an koya masa ba. Ƙauyensu ya watse a yini ɗaya, wasu ƙannen mahaifinsa suka tsallaka Nijar, shi kuwa ya ɗauko Kande da turminta da tukwanenta biyu ya kawo ta gidan da yake haya a Isa, wurin matarsa Ikilima da 'ya'yansu mata biyu. Wata ranar kasuwa da tsakar rana 'yan bindiga suka tsaya a ƙofar asibitin, suka tafi da abokin aikinsa, don su ma suna da masu rauni. Malami ya tsira ne kawai saboda ya je karɓo magani. Aka sa wa asibitin kwaɗo, aka ce ma'aikata su jira umarni. Har yau umarnin bai iso ba.

A wannan zaman jiran ne Kamalu, abokin karatunsa da ya riga ya tsallaka Turai, ya fara turo masa saƙon murya. Kamalu ya ce can ana neman ma'aikatan jinya ruwa a jallo, kuma ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Malami ya zauna ya haddace su kamar karatun allo. Akwai bizar kula da tsofaffi, wadda ba ta da wuyar samu amma sai ka bar iyalinka a baya. Akwai kwangilar ƙasashen Larabawa, shekara biyu a dawo da kai. Akwai ƙasar da ke auna mutum da maki, inda kowace shekarar da ka ƙara a duniya rage maka daraja take yi. Akwai kuma ta ƙwararru, inda asibiti ke ɗaukar nauyinka da kansa, ka tafi da matarka da 'ya'yanka. Hanyar Agadas ma tana nan ga mai so, amma Malami ya wanke ƙafafun waɗanda suka dawo daga gare ta, bai buƙaci wa'azi ba. Ya zaɓi ta ƙwararru, mafi wuya, don 'ya'yansa sun kai matsayin da in suka ji ƙarar babura da yawa sai su kwanta ƙasa, ko da a tsakiyar cin abinci ne.

Jarrabawar Turanci sau uku ya zauna mata. Mutumin da ya ceci rayukan da bai san adadinsu ba, ga shi a gaban wata na'ura a birni yana bayyana mata ra'ayinsa a kan ko ya kamata a hana motoci shiga tsakiyar gari. A karo na uku ya ci. Ya ci ta aikin jinya a zama ɗaya. Ranar ganawa da asibitin da zai ɗauke shi babu sabis a Isa, sai da ya hau babur zuwa wani tudu wajen Sabon Birni inda layin Nijar ke kamawa. Ya sa farar rigarsa ta aiki, ya jingina wayar a jikin dutse. Wata Baturiya ta tambaye shi me zai yi in majinyaci ya faɗi, kuma likita ba ya kusa. Saura kaɗan dariya ta kuɓuce masa. Ya daure ya ba ta amsa daki-daki, har ta ce ya isa.

Suka ɗauke shi. Suka turo takardar ɗaukar nauyi, wadda ke aiki wata uku, in ta wuce haka ta mutu. Abin da ya rage kawai hukumar ma'aikatan jinya ta can ta tantance takardunsa, sannan a buga masa biza. Ikilima ta fara tambayar yadda ake ɗaure daddawa kada ta yi wari a jirgi.

Bayan sati biyar amsa ta zo, cikin ladabi mai sanyi irin nasu. Sun ce sun ga takardun mutum uku. Akwai Malami Tozai, akwai Malami Isa, akwai Abdulgani Illo. Suna so su san wane ne Isa. In mahaifinsa ne, me ya sa fasfo ya ce Illo? In kuwa ba shi ba ne, me ya sa fasfon ya nuna a Isa aka haife shi? Malami ya karanta har sau huɗu. Yaya za ka yi wa mutumin da bai taɓa shan ruwan Gobir ba bayanin cewa Isa gari ne, Isa kuma sunan mutum ne, kuma a nan mutum kan ɗauki garinsa ya yi suna da shi ba tare da ya cuci kowa ba? Mu da muke ba mutum suna uku don ƙauna da kunya, ga shi mun haɗu da mutanen da a wurinsu mai suna uku ɓarawo ne.

Ya rubuta musu dogon bayani. Ya buga sanarwar gyaran suna a jarida. Ya yi rantsuwa da kansa ya tura. Kowace amsa sai ta ci kwana goma kafin ta dawo. Ta ƙarshe ta ce shaidar mutum a kan kansa ba ta wadatar ba. Ko dai ya kawo ainihin rajistar makarantar da aka fara rubuta shi, ko kuma rantsuwar ɗaya daga cikin mahaifansa a gaban jami'in rantsuwa, mai tabbatar da cewa sunayen nan uku na mutum ɗaya ne. Ya aika aka duba makarantar. Iska ta yaye rufin ofishin tun da aka daina zuwa, rajista kuwa gara ta gama da ita. Hedimasta Na'Allah ya daɗe a ƙasa. Illo ya daɗe a ƙasa. Saura Kande, saura kwana goma sha biyu takardar ɗaukar nauyi ta mutu.

Kwana uku Malami yana shiga yana fita, ya kasa faɗa wa Kande. Yakan durƙusa ya gaishe ta da safe, ya tashi bai tayar da maganar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ya sani, amma yaya ɗa zai dubi uwarsa ya ce ta kwance abin da ta ɗaure shekara talatin da takwas? Rana ta huɗu Ikilima ta gaji da kallonsa. Ta sami Kande da hantsi tana tsintar wake a faifai, ta zauna gefen tabarma ta yi mata bayani tun daga farko. Malami na cikin ɗaki, yana ji.

Kande ba ta ɗaga kai ba. Can ta ce, “Ba su iya rubutawa in dangwala hannu?”

“Sun ce wanda bai karatu sai ya hwaɗi da bakinai, Inna. Da Alƙur'ani a hannu.”

“Dut ukun?”

“Dut ukun.”

 Wani babur ya wuce ta bayan gida da gudu, ƙaramar 'yar, Zahra'u, ta saki kofin da ke hannunta ta ruga bayan kakarta. Kande ta dubi yarinyar, ta dubi kofin da ke juyawa a ƙasa.

“In ya tahi, da ɗiyan ga za shi?”

“Da su za mu, Inna.”

Kande ta ture faifan gefe. Ta ce, “A nemi mota.”

Suka bi ayarin motoci zuwa Sakkwato, su biyu, tana baya yana gaba. Ofishin rantsuwar ɗaki ne guda mai fanka ɗaya, da jami'in a bayan babban tebur, da akawunsa a gefe gaban na'urar buga takarda. Jami'in ya ce tunda tsohuwa ba ta karatu, ita za ta faɗa, akawu ya buga abin da ya ji, a karanta mata ta dangwala. Ya tambaye ta ko tana da alwala. Ta gyaɗa kai. Aka miƙa mata Alƙur'ani.

A nan Malami ya yi abin da duk ɗan da aka haifa a gidan mutunci zai yi. Ya ce zai jira a waje. Ya fita, ya wuce baranda, ya wuce masu sayar da ambulan, bai tsaya ba sai ƙarƙashin wata dalbejiya a bakin titi, inda ƙarar motoci ba za ta bari ya ji komai ba. Abin da ya yi marmari tun yana yaro ana yin sa a ɗakin can, a gaban baƙi biyu da ba su san darajarsa ba, shi kuwa yana tsaye yana kallon masu Keke Napep. Amma bai matsa ba.

Da ya dawo ya tarar da ita a kan benci a baranda. Ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe har zanen Gobircin da ke kumatunta. Babban yatsanta shuɗi da tawada, ta riƙe shi nesa da jikinta kamar wadda ta taɓa ƙazanta. Kafaɗunta na motsi a hankali. Bai taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da aka fita da gawar Illo.

Akawu ya miƙo masa takardar, da hatimi da sa hannu, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Malami ya bi ta da ido. Malami Tozai, daidai. Malami Isa, daidai. Na ukun aka rubuta Abdulganiyu Illo.

Ya ce, “Malam, akwai kuskure. Abdulgani na. Babu yu.”

Akawun ya gyara zaman tabaransa, da alamar mutumin da ya yi alheri ba a gode ba. “Ai gyara maka niy yi. Abdulgani yankakke na, irin kiran ƙauye. Cikakken sunan Abdulganiyu na, tambayi kowane malami. Kuma tsohuwar ma da ƙyat muka ji mi tac ce, sai da oga ya sa ta maimaita da ƙarhi.”

“Hwasfo dai Abdulgani ya ce.”

“To, in kana son a sake, a sake. Amma rantsuwa ba a goge ta da biro. Sabuwa za a yi, ta sake riƙa Littahi ta sake hwaɗi. Oga ya tahi masallaci, ku dawo bayan azahar.”

Malami ya tsaya da takarda a hannu. Shi da ya sha wuyar jarrabawa uku, shi da ya san mutanen can ba su san wasa da harafi ba, ya fi kowa sanin abin da ya kamata. Awa biyu ce kawai. Ya juya ya dubi bencin. Ta riga ta faɗa, har an sa ta ta maimaita da ƙarfi. Yanzu ya je ya durƙusa ya ce mata wancan bai yi ba, ta tashi ta sake? Ya ce wa kansa haruffa biyu ne. Ya ce wa kansa duk mai hankali zai ga suna ɗaya ne. Ya ce wa kansa Allah na tare da mai jin ƙan uwa. Ya ninke takardar, ya shiga shagon kwamfuta da ke tsallaken titi ya tura ta, ya dawo ya ce, “Inna, an gama. Mu tahi gida.”

A gida Ikilima ta karɓi takardar ta karanta, don ita ma ta yi sakandare. Ta ɗago ta ce, “Malami, wanga ba shi na ba.” Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu. Ta mayar masa da takardarsa, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Kwana goma sha huɗu amsar ta yi. Ladabin nan dai mai sanyi. Sun gode da ƙoƙarinsa. Sun lura cewa rantsuwar mahaifiyar ta ambaci wani suna da babu shi a fasfo, babu shi a kowace takarda, don haka yanzu sunaye huɗu ne a gabansu. Ba za su iya tabbatar da ko wane ne shi ba, sun rufe fayil ɗin. Garin neman gira an rasa ido. Takardar ɗaukar nauyi ta riga ta mutu da mako guda. Asibitin suka rubuto layi biyu, sun ba wani gurbin, suna masa fatan alheri. Kamalu ya ce a sake gwadawa, daga baya kuma ya turo cewa an tsaurara dokoki, an dakatar da ɗauka daga waje sai abin da hali ya yi. Sakamakon jarrabawar Turancin ma yana da wa'adi, shi ma yana nan yana tsufa a akwatin Ikilima, tare da daddawar da ta ɗaure.

Ban san wanda zan fi jin haushi ba. Ko Hedimasta Na'Allah da bai jira yaro ya ɗago kai ba, ko malamin ajin da ya mayar da yara garuruwa, ko akawun da ya fi uwa sanin sunan ɗanta, ko mutanen can da za su yarda ka ɗinke musu ciki amma ba za su yarda da haruffa biyu ba. Malami dai bai tsaya rabon laifi ba, ya kwashe duka ya ɗora wa kansa. Yanzu yana zaune a zauren gidan haya da akwatin allurarsa. Masu jarirai na zuwa har yanzu, hannun kuma yana nan yadda yake. 'Ya'yansa ma har yanzu suna kwanciya ƙasa in babura sun wuce.

Kande bai faɗa mata ba. Kullum da safe takan tambayi Ikilima, “Mutanen wancan sun amsa?” Ikilima ta ce tukuna. Tun dawowarsu daga Sakkwato tsohuwar ta rage magana, ta daina fita gaisuwar maƙwabta, kamar mai tsoron a gane a fuskarta abin da bakinta ya yi. Sai da aka yi sati biyu a haka Ikilima ta ce masa ita ta gaji da yi wa tsohuwa ƙarya, in bai faɗa ba ita za ta faɗa.

Bayan la'asar ya same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Ya durƙusa nesa kaɗan, yadda ya saba. Ya faɗa mata tafiya ta fasa. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ba ta daina tsinke ganyen ba. Da ya tsaya a nan da ya huta. Amma abin ya daɗe yana cin sa, sai ya ci gaba. Ya ba ta labarin haruffa biyun, da abin da akawu ya ce, da awa biyun da ya ƙi jira. Ya ce, “Na gane kuskuren tun a can, Inna. Ban iya ce maki ki sake ba.”

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.  Sannan ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya yi wayo.

“Awa biyu,” ta ce. “Da ka hwaɗa mani, da na koma. Ai na hwarin ad da wuya, Abdulgani.”